Abincin Da Aka Sauya Wa Halitta Da Aikin Kwastan A Bakin Iyaka



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi wa 'yan ƙasa bayani a kan wani sha'ani da ya shafi tukunyar kowane gida da gonar kowane manomi, ko da yake ba kowa ne ya san da shi ba. Sha'anin kuwa shi ne yadda hukuma take tsare shigowa da fitar hatsi da sauran kayan abinci waɗanda masana kimiyya suka sauya wa halitta, watau abin da ake taƙaita sunansa da GMO. Ana fata attajiri mai odar kaya daga ƙasashen waje, da ejan mai fitar masa da su daga tasha, da direban babbar mota, da mai gidan kaji, da manomi, har da uwargida mai cefane, kowa zai tsinci abin da ya shafe shi a ciki.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a wannan sha'ani ido ko kimar ma bai sani ba. In aka zuba tsabar masara kashi biyu a faifai, ɗaya ta gargajiya, ɗaya wadda aka sauya wa halitta, babu ma'aikacin kwastan, kome daɗewarsa a bakin aiki, da zai iya rarrabe su da kallo ko sunsuna ko tauna. Launinsu ɗaya, tuwonsu kuma ɗaya. Saboda haka tsaron iyaka a nan ya rataya ne a kan abu biyu: takardar gaskiya wadda aka nema tun kaya ba su taso ba, da gwaji a ɗakin bincike.

MENE NE SAUYA HALITTA?

Kowane abu mai rai, tsiro ne ko dabba, yana ɗauke da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai a jikinsa, waɗanda ake kira ƙwayoyin gado. Su ne suke sa ɗa ya ɗauko kamannin iyayensa, su ne kuma suke sa gero ya fito gero, dawa ta fito dawa. Tun kaka da kakanni manoma suke gyara iri, ta wajen ware zangarniya mafi kyau su adana ta don shukar baɗi. Daga baya malaman aikin gona suka shiga aurar da wani iri da ɗan'uwansa domin a sami mai saurin nuna ko mai yawan amfani. Yawancin ingantaccen irin da ake sayarwa a ƙasar nan ta wannan hanya aka same shi, ba shi kuma ake nufi a jawabin nan ba. Haka nan girman tumatir ko ƙibar kazar gidan gona ba su ne shaidar cewa an sauya musu halitta ba.

Sauya halitta wani abu ne dabam. A nan masana sukan ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta, wadda sau da yawa ba ta da dangantaka da tsiron ko kaɗan, su dasa ta a cikinsa a ɗakin bincike, sa'an nan tsiron ya gadar da ita ga 'ya'yansa. Alal misali, akwai wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, tana yin wani sinadari mai kashe tsutsa. In aka dasa ƙwayar gadonta a auduga ko masara ko wake, sai tsiron da kansa ya riƙa yin sinadarin, tsutsar da ta ci shi ta mutu. Akwai kuma amfanin gonar da aka sauya domin ya jure maganin kashe ciyawa, yadda za a fesa gona, ciyawa ta bushe, shuka ta tsira.

A shekarar 1994 aka fara sayar da irin wannan abinci a kasuwa, wani tumatir ne a Amurka. A 1996 aka fara nomansa gadan-gadan, a kan hekta miliyan 1.7. Zuwa 2019 gonakinsa sun kai hekta miliyan 190 a ƙasashe 29, watau faɗin Nijeriya duka kamar sau biyu. Amurka da Birazil da Ajantina da Kanada da Indiya su ne kan gaba. A Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na gonakin masara da waken soya da auduga wannan iri ake shukawa. Da yake Amurka da Birazil da Ajantina suna cikin manyan masu sayar wa duniya masara da waken soya, duk wanda ya yi odar su daga can ya kamata ya ɗauka tun da farko cewa mai yiwuwa ne kayansa masu sauyayyar halitta ne, sai in an tabbatar masa da akasin haka a rubuce.

Nijeriya ma ta shiga sahu. A 2018 aka saki auduga mai Bt ga manoma. A 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi aikinsa, mai jure tsutsar nan da ke huda fure da kwanson wake. A watan Janairu na 2024 kuma aka saki masarar TELA. Ashe ke nan maganar ta shafi abin da ke shigowa, ta kuma shafi abin da ke fita.

ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Kafin a zo kan doka, yana da kyau a dubi abubuwa uku da suka faru, domin su ne za su nuna dalilin dokar.

Na farko ya faru a Amurka. Akwai wata masara mai suna StarLink wadda hukumomin ƙasar suka yarda a ba dabbobi, amma ba su yarda mutane su ci ba, don ana shakkar ko sinadarinta zai tayar wa waɗansu mutane da borin jini. Gonakinta ba su kai kashi 1 cikin 100 na gonakin masarar ƙasar ba. Duk da haka a watan Satumba na shekarar 2000 aka gano ta cikin abincin mutane a kantuna, aka janye kayan abinci iri sama da 300 daga kasuwa, aka kuma same ta cikin masarar da ta isa Japan. Binciken likitoci bai tabbatar da cewa ta cuci kowa ba, amma hasarar dukiya ta riga ta auku. Abin da ya jawo haka shi ne, rumbu ɗaya da mota ɗaya da jirgi ɗaya suke ɗaukar hatsin gonaki dubbai, in kuwa hatsi ya gauraya babu mai iya tsince shi.

Na biyu ya faru a kudancin Afirka a 2002, sa'ad da fari ya jefa miliyoyin mutane cikin yunwa. Aka kawo taimakon masara daga Amurka, wadda a cikinta akwai mai sauyayyar halitta. Zambiya, a zamanin Shugaba Levy Mwanawasa, ta ƙi karɓa sam. Zimbabuwe da Malawi da Mozambik kuwa suka karɓa bisa sharaɗin a niƙe ta kafin a raba. Hikimar sharaɗin a fili take: gari ana tuƙa shi a ci, amma ba ya tsirowa. Ƙasashen nan sun shiga tsaka mai wuya ne domin an tilasta musu yanke hukunci cikin gaggawa, ga kaya a bakin ƙofa, ga mutane suna jin yunwa.

Na uku ya faru tsakanin Sin da Amurka. Daga watan Nuwamba na 2013 ma'aikatan iyakar Sin suka shiga mayar da jiragen masara daga Amurka, domin sun sami wani iri mai lamba MIR162 a ciki, wanda Amurka ta amince da shi amma Sin ba ta amince ba tukuna. An mayar da fiye da ton miliyan 1 kafin Sin ta ba da izini a watan Disamba na 2014. Manoman Amurka suka kai ƙarar kamfanin da ya yi irin, aka sasanta a kan diyyar kimanin dala biliyan 1.5. Wannan ya nuna amincewar ƙasar da kaya suka fito ba ta wadatar ba. Kowace ƙasa ita ke da ikon ƙofarta.

YARJEJENIYAR KARTAHENA

Ƙasashen duniya sun daɗe da hango irin waɗannan rigingimu. A 1999 suka taru a birnin Kartahena na ƙasar Kolombiya domin su tsara ƙa'ida, taron ya watse ba a daidaita ba. Sai ran 29 ga Janairu na shekarar 2000 aka amince da yarjejeniyar a Mantiriyal ta ƙasar Kanada, amma aka bar mata sunan Kartahena. Ta fara aiki ran 11 ga Satumba na 2003. Nijeriya ta sa hannu a 2000, ta tabbatar da ita a 2003. Ƙasashe sama da 170 suna ciki. Amurka da Kanada da Ajantina ba sa ciki, wannan kuwa ya ƙara wa ƙasar da ke saye daga gare su nauyin tsare ƙofarta da dokarta ta gida.

Yarjejeniyar ta shafi abin da ke da rai ne, wanda zai iya tsirowa ko ya hayayyafa, ta kuma raba shi bisa abin da za a yi da shi.

In iri ne da za a shuka, ko wani abu mai rai da za a saki a fili, tilas ne mai aikowa ya sanar da ƙasar da za a kai wa a rubuce kafin a yi lodin farko. Ƙasar tana da kwana 90 ta shaida cewa sanarwar ta iso, tana da kwana 270 ta yanke hukunci: ta yarda, ko ta ƙi, ko ta gindaya sharuɗɗa, ko ta nemi ƙarin bayani. In ta yi shiru, yarjejeniyar ta faɗa a sarari cewa ba a ɗaukar shirunta a matsayin yarda.

In kuwa hatsi ne da za a ci, ko a ba dabbobi, ko a sarrafa a masana'anta, hanyar ta fi sauƙi. Ƙasar da ta amince da wani iri a gida za ta sanar cikin kwana 15 a wani rumbun bayanai na duniya da ke intanet, mai suna BCH, wanda kowa yana iya dubawa kyauta. Sa'an nan kowace ƙasa mai saye ta yi hukunci bisa dokarta. Amma wajibi ne takardun da ke rakiyar kayan su faɗi cewa akwai mai sauyayyar halitta a ciki, su kuma faɗi cewa ba don shuka aka kawo su ba. An sha jayayya a kan lafazin da za a rubuta, har sai da taron Kuritiba ta ƙasar Birazil a 2006 ya daidaita: in an san ainihin irin da ke ciki, a rubuta cewa akwai shi, in ba a tantance ba, a rubuta cewa mai yiwuwa ne akwai.

Har ila yau yarjejeniyar ta ba ƙasa dama ta ƙi kaya don rigakafi, in ilimin da ke hannu bai isa a tabbatar da amincinsu ba. In kuma aka shigo da kaya ba bisa doka ba, ƙasar da aka shigo mata tana iya neman ƙasar da suka fito ta kwashe su ko ta lalata su da kuɗinta.

DOKAR NIJERIYA DA MASU TSARE TA

A watan Afrilu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Kula da Amincin Fasahar Halittu ta Ƙasa, watau NBMA, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A 2019, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, aka yi wa dokar gyara domin ta haɗa da sababbin dabaru irin su gyaran ƙwayar gado ba tare da dasa baƙuwa ba. Gundarin dokar shi ne, babu wanda zai shigo da abu mai sauyayyar halitta, ko ya fitar, ko ya ratsa ƙasar nan da shi, ko ya saki a gona ko a kasuwa, sai da izinin wannan hukuma. In an nemi izini akan buga sanarwa, a ba jama'a kwana 21 su faɗi albarkacin bakinsu, masana kuma su auna haɗarin ga lafiyar mutum da dabba da muhalli. Wanda ya karya dokar yana fuskantar tarar Naira 2,500,000, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyu.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar NBMA ita ke ba da izini, Hukumar Kwastan ta Nijeriya kuwa, wadda ke aiki da sabuwar dokarta ta 2023, ita ce a bakin ƙofa. Hukumar Killace Tsirrai da Dabbobi, watau NAQS, tana duba cuta da ƙwari a jikin kayan gona. Hukumar NAFDAC tana kula da abincin da aka sarrafa aka zuba a kwali ko gwangwani ko kwalba. Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa tana kula da cinikin iri. Izinin ɗaya daga cikinsu ba ya maye gurbin izinin ɗaya.

YADDA AIKIN KE GUDANA A TASHA

Akwai wani abu da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya fahimta game da littafin kuɗin fito. Kwastan na duniya duka suna aiki da jerin lambobi guda, wanda Ƙungiyar Kwastan ta Duniya mai hedkwata a ƙasar Beljiyam take kula da shi, ya kuma fara aiki a 1988. A cikinsa lambar masara 10.05 ce, ta waken soya 12.01. Jerin ya raba masarar shuka, mai lamba 1005.10, da sauran masara, mai lamba 1005.90, amma bai raba mai sauyayyar halitta da ta gargajiya ba. Lambarsu ɗaya, kuɗin fitonsu ɗaya. Saboda haka biyan kuɗin fito cif-cif bai wanke mai kaya ba, domin lambar da ya rubuta ba ta gaya wa ma'aikaci kome a kan halittar hatsin ba.

Abin da ke faɗa shi ne wata lamba dabam wadda kowane iri mai sauyayyar halitta yake da ita, kamar lambar mota, mai haruffa da alƙaluma 9. Wata sananniyar masara mai Bt, alal misali, lambarta MON-00810-6. Da wannan lamba ma'aikaci zai duba rumbun BCH, ya kuma gwada da takardar izinin NBMA, ya ga ko irin da ke cikin jirgi shi ne wanda aka yarda da shi. Izini na iri kaza ne, domin aiki kaza, zuwa lokaci kaza. Wanda aka ba izinin masara guda ba a ba shi izinin kowace masara ba.

Ga yadda mai shigo da kaya zai bi in yana son zaman lafiya da dukiyarsa:

1. Ya tambayi mai sayar masa, a rubuce, ko kayan masu sauyayyar halitta ne, da lambar kowane iri da ke ciki.

2. Ya nemi izinin NBMA, ya jira har ya fito, kafin a yi lodi.

3. Ya buɗe Fom M a bankinsa, ya bayyana kayan yadda suke.

4. Ya tabbata takardar farashi da takardar lodin jirgi da takardar lafiyar tsirrai duk bakinsu ɗaya da takardar izini.

5. In kaya sun iso, ya miƙa takardun ta hannun ejan mai lasin, ya bari a buɗe a ɗebi samfur.

6. In an sallame shi, ya kai kayan inda izini ya ce, ya yi da su abin da izini ya ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen shekarar 2017 masara ta iso tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko daga Ajantina, aka same ta mai sauyayyar halitta ce, ba a kuma nemi izini ba. Aka tsare ta, hukumar NBMA ta ba da umarnin a mayar da ita inda ta fito. Daga baya kamfanin da abin ya shafa ya shigar da takardar neman izini, aka ba shi na shigo da masara domin abincin dabbobi. Da ya fara da wannan takarda, da ya huta da tsarewa da ɓacin suna. Kowane yini da jirgi ya yi a tsaye kuwa akwai kuɗin jinkiri, wanda a ƙarshe yake komawa kan farashin buhun abincin kaji da kiret ɗin ƙwai.

GWAJI

Da yake takarda tana iya yin ƙarya, dole a haɗa ta da gwaji. Iri biyu ne aka fi yi. Na farko na nan take ne. Akan niƙa tsaba, a jiƙa, a tsoma wani ɗan tsinken takarda, cikin 'yan mintoci layi ya bayyana, kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi a asibiti. Layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Yana da araha, ana kuma iya yinsa a gindin mota, amma kowane tsinke sinadarin da aka yi shi dominsa kaɗai yake ganewa, ba ya kuma aiki sosai a abincin da ya sha wuta.

Na biyu shi ne gwajin PCR, wanda ake yi a ɗakin bincike, irin wanda NBMA take da shi a Abuja. Shi yana neman baƙuwar ƙwayar gadon kanta, ya faɗi ko wane iri ne, ya kuma faɗi kashi nawa ne cikin 100. Ya fi tsada, ya fi cin lokaci, amma shi ne abin dogara in an yi jayayya.

Gwaji kuwa bai fi samfurin da aka ɗiba ba. Jirgi guda yana ɗaukar ton dubbai, don haka tilas a ɗiba daga wurare da yawa, sama da ƙasa da tsakiya, a haɗa. Mai kaya kada ya ɗauki wannan a matsayin neman fitina. Akwai kuma inda gwaji yake gazawa: tataccen man waken soya ko na masara kusan babu sauran ƙwayar gado a cikinsa da za a gano. A irin wannan babu madogara sai gaskiyar takarda da rubutun da ke jikin mazubi.

HATSIN NIƘA BA IRIN SHUKA BA NE

Nan ne maganar ta iso ƙofar manomi. Izinin shigo da hatsi domin sarrafawa dabam yake da izinin shuka. A 2022, alal misali, NBMA ta yarda a shigo da wata alkama ta Ajantina mai suna HB4 domin abinci da sarrafawa, wannan kuwa bai zama izinin noma ta ba. Tsabar da aka kawo don injin niƙa tana da rai. In ta zube daga mota a gefen hanya tana iya tsirowa. In leburan sito suka share ta suka kai kasuwa, wani ya saya da araha ya shuka, to, an saki a gonakin ƙasar nan irin da ba a gwada shi da ƙasa da damina da ƙwarin nan ba. Masara kuwa iska ce ke kai garin bununinta gonar maƙwabci, don haka abin ba ya tsayawa a gona guda.

Shi kansa manomin yana cikin hasara, domin masarar da ta yi kyau a Ajantina ba lalle ne ta yi kyau a Saminaka ko Funtuwa ba, 'ya'yan irin aure kuma ba sa bin iyayensu a shuka ta biyu. Wanda yake son irin da aka sauya wa halitta, ga waɗanda hukuma ta saki nan, ya saye su wajen dillalin iri mai rajista, cikin mazubi mai suna da tambari. Wanda ba ya so, haƙƙinsa ne ya riƙe irinsa na gado, haƙƙinsa ne kuma kada a cusa masa wani ba da saninsa ba.

IYAKOKIN TUDU DA KAYAN FITA

Tashar jirgin ruwa ƙofa ce mai ƙyaure. Iyakar tudu ita ce mai wuyar tsaro. Hatsi yana kai da kawowa ta Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba wajen Nijar, ta Seme da Idiroko wajen Benin, ta Mfum da Gamboru wajen Kamaru, ban da ɓarauniyar hanya da 'yan fasa-ƙwauri suke bi. Buhun da ya bi ta daji babu takarda, babu gwaji, babu wanda za a tambaya in wani abu ya faru.

Nauyin kuma ya hau kan Nijeriya kamar yadda ya hau kan masu aiko mata. Amincewar da aka yi da waken SAMPEA 20-T ko masarar TELA a nan ba ta zama amincewar maƙwabta ba, domin su ma suna cikin Yarjejeniyar Kartahena, kowace da dokarta. Fataken da ke lodi a kasuwar Dawanau ta Kano su san abin da ke cikin buhunansu, su tambayi ƙa'idar ƙasar da za su kafin mota ta tashi.

Masu kai kaya Turai su ƙara lura. A Tarayyar Turai, in irin da suka amince da shi ya gauraya da kaya bisa kuskure har ya wuce kashi 0.9 cikin 100, tilas a rubuta a jikin mazubi. In kuwa irin da ba su amince da shi ba ne, kaɗan ma ya isa a mayar da kayan abinci. Saboda haka mai fitar da wake ko masara ya ware sito, ya ware buhuna, ya share mota kafin lodi, ya adana takardun inda ya sayo.

MUHAWARA DA HAƘƘIN MAI SAYE

Ba a ɓoye cewa ra'ayi ya rabu a kan wannan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan cewa waɗanda ke kasuwar duniya sun wuce gwajin aminci, ba a kuma ga alamar sun cuci masu cinsu ba, amma kowane sabo sai an auna shi shi kaɗai. Waɗansu ƙungiyoyin manoma da na kare muhalli suna da shakka, suna tsoron gushewar irin gado da dogara ga kamfanonin waje. A 2024 maganar ta kai gaban Majalisar Wakilai. Ƙasashen Afirka ma kowace da tafarkinta: Barkina Faso ta fara noman auduga mai Bt a 2008, ta bari a 2016 saboda gajartar zarenta, Kenya ta hana shigo da irin wannan abinci a 2012, ta ɗage hanin a 2022.

Ma'aikacin kwastan ba alƙalin wannan muhawara ba ne. Aikinsa shi ne ya tabbata abin da hukuma ta yarda da shi ne kaɗai ya wuce, da sunansa na gaskiya. Mai goyon baya da mai adawa duk suna bukatar wannan, domin in ƙofa a sake take, mai so bai san abin da ya samu ba, mai ƙi kuma bai san abin da ya ci ba. Don haka ne doka ta wajabta a rubuta shaida a jikin abincin da ke ɗauke da mai sauyayyar halitta, domin mai saye ya zaɓa da saninsa.

KIRA GA JAMA'A

Ana kira ga attajirai su nemi izini kafin lodi, ga ejan-ejan su rubuta gaskiya ko da mai kaya ya so akasin haka, domin wanda ya sa hannu a takardar ƙarya shi ma yana da laifi. Masu masana'antu da gidajen kaji su tsare hatsin da aka ba su izinin niƙawa, kada ya sulale zuwa kasuwar iri. Direbobi su rufe kaya da tamfol sosai. Manoma su guji iri marar suna, kome arahar sa. Masu cefane su riƙa karanta rubutun jikin kwali da lambar NAFDAC. Sarakuna da hakimai da dagatai na garuruwan bakin iyaka, da shugabannin kasuwannin hatsi, su taimaka wajen isar da wannan bayani ga mabiyansu. Wanda duk ya ga ana sauke hatsi ko iri ta hanyar da bai gamsu da ita ba, ya sanar da ofishin kwastan ko na NAQS mafi kusa, ko malamin gona na yankinsa.

Kayan da aka tsare a tasha ana iya mayar da su, amma irin da ya riga ya shiga gonaki dubu ba shi da sauƙin kirawo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.